Tawadar Yayi: Shin Kwalbar da Ba a Buɗe Ba Dukiya Ce?

Tun daga shekarar 2012, kamfanin Pelikan na ƙasar Jamus yana fitar da sabuwar tawada guda ɗaya a kowace shekara, ya raɗa mata sunan wani dutse mai daraja, ya sayar da ita na ɗan lokaci, sannan ya daina haɗa ta. Amethyst ta fito a 2015, Smoky Quartz a 2017, Moonstone a 2020. Kamfanin Montblanc kuma sunayen marubuta yake ara, ya fitar da jar tawada da sunan Shakespeare, shuɗiya da sunan Tolstoy. Shi kuwa Diamine na birnin Libaful a Ingila, a 2019 ya ɓullo da wani akwati mai ƙananan kwalabe 25, wanda ake buɗe kwalba ɗaya kullum a watan Disamba har ranar Kirsimeti. Dukkansu dabara ɗaya suke bi: a haɗa kaɗan, a bar tsoron rashi ya yi sauran tallar. Waɗannan su nake kira tawadar yayi, domin ban sami sunan da ya fi wannan dacewa da su ba.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Wudil da wannan. Ruwansa ya shigo ta waya. Garin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha, wadda yanzu ake kira da sunan Aliko Ɗangote, ga kuma makarantar horar da jami'an 'yan sanda, ba ya rasa malaman da suka yi karatu a Malesiya ko Ingila ko Indiya suka dawo da alƙalami mai shan tawada a aljihun gaba. Wanda ya riƙe irin wannan alƙalami na wata guda, ya ji yadda yake tafiya a kan takarda ba tare da an danna shi ba, da wuya ya koma wa biro da daɗin rai. Daga nan sai ya shiga neman tawada a intanet, sai hotuna su fara biyo shi a Instagram: kwalabe a jere kamar na turare, kowacce da sunanta da shekararta. Sau uku ke nan a 'yan watannin nan ana yi mini tambaya iri ɗaya, ko ya dace mutum ya riƙa sayen irin waɗannan kwalabe yana ajiyewa, tunda an ce darajarsu hawa take yi. Amsata a taƙaice ita ce a saya a rubuta, amma kada a saya don a tara. Dalilaina kuwa rabinsu daga cikin kwalbar suke, rabi daga tsangayun da ke kewaye da mu.

Bari mu fara da abin da ke cikin kwalbar. Mafi yawan tawadar wannan alƙalami ruwa ne zalla. A cikinsa ake narkar da rini, a ƙara wani sinadari da ke sa ruwan ya bi siririyar hanyar da ke kai shi bakin alƙalami, da wani mai hana shi saurin bushewa, da ɗan maganin hana fumfuna. Shi ke nan. Ba zinariya a ciki, ba wani abu da ake haƙowa daga ƙasa mai nisa. Abin da ya bambanta tawadar yayi da ƙanwarta da ke kan kanta kullum shi ne gwargwadon yadda aka gauraya rinin, da kwalba, da kwali, da suna. Ba na raina wannan aiki, domin samun launin da zai zauna daidai tsakanin toka da shunayya gwaninta ce, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya ga yadda marini ke gane ruwan baba da ido ya san haka. Sai dai ƙarancinta ba daga Allah ba ne, daga ofishin talla ne. Wanda ya ƙayyade adadin, gobe yana iya sake shawara.

An kuwa sake. Labarin da ya fi shahara shi ne na Dark Lilac, wata tawada shunayya mai duhu da kamfanin Lamy ya fitar a 2016. Mai araha ce a lokacin, ta ƙare da wuri, sai ta zama abin nema, har masu sayarwa hannu da hannu suka riƙa sa mata kuɗi ninkin-ba-ninkin. Waɗanda suka ɓoye kwalabe suka ga kamar sun sayi fili a bakin titi. A farkon 2024 sai ga Lamy ya dawo da tawada mai wannan suna. Hayaniya ta tashi ta fuska biyu. Masu ajiya suka ji tsoron kayansu ya faɗi, masu jira kuma da suka saya suka tarar ba ita ba ce sak: ta farko idan ta bushe da kauri takan yi sheƙi mai ruwan zinariya, ta biyu kuma kore take bayarwa. Kamfanin ya amsa cewa ɗaya daga cikin rinin da aka yi ta farko da shi ba a samunsa yanzu. Maganar ta yi girma har jaridar New York Times ta ɗauke ta. Abin da na tsinta a wannan labari shi ne, darajar kwalbar da ke cikin akwatinka tana hannun wani mutum a birnin Haidalbag wanda bai san da zamanka ba, kuma ko shi ɗin ba shi da cikakken iko a kan kayan haɗinsa. Pelikan ma ya taɓa ɗaukar tawadar shekara, Aquamarine ta 2016, ya mayar da ita cikin waɗanda ake samu kullum.

Shi wannan sheƙi da ake rububi a kansa, mu ba baƙonmu ba ne. Rawanin ɗan Kura da Buzaye ke saye da tsada, wanda idan rana ta doke shi yake walƙiya kamar jan ƙarfe, hikimarsa ɗaya ce da ta waɗannan tawada: an cika rini har ya fi ƙarfin abin da zare zai sha, ragowar ta kwanta a sama, haske ya riƙa tashi daga kanta da wani launi dabam. Kuma aibinsu ɗaya. Yadda ɗan Kura ke zuba a goshin mai shi, haka tawada mai sheƙi ke biyo yatsa ko bayan kwanaki da rubutu, musamman da damina idan hannu ya yi gumi. Wanda zai sa hannu a takardar ofis ya kiyayi wannan.

Sai maganar lissafi. Kwalbar Pelikan ta shekara mililita 50 ce. Cikin alƙalami na yau da kullum ba ya ɗaukar fiye da mililita ɗaya, sau da yawa ma bai kai ba. Mai rubutu sosai, wanda ke cika alƙalaminsa sau ɗaya a mako, kwalba guda za ta kai shi shekara. Idan ya tara kwalba 20, ya tara rubutun shekara 20, alhali kuwa kowace shekara sababbi na fitowa, kuma mai tarawa ba ya tsayawa a 20. Kuɗinta a can ya kasance tsakanin dala 20 zuwa 30. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta haura naira 1,000, a 2024 ta yi ta kai-kawo a wajajen 1,500, saboda haka kwalba ɗaya ta kama naira 30,000 zuwa 45,000 kafin a yi maganar kuɗin aikowa, kuma ruwa ne a cikin gilashi, wanda ba kowane ɗan aike ke son sa shi cikin jakar tufafinsa ba. Mai albashin jami'a ya san abin da wannan kuɗi ke saya a kasuwar hatsi.

A ce ma an saya, an iso da ita lafiya. Ina za a ajiye ta? A watan Afrilu zafin ƙasar Kano kan haura digiri 40, kuma ɗakin da ke da rufin kwano ya fi waje zafi da rana tsaka. Murfin kwalba, komai kyansa, ba ya hana ruwa ƙafewa a hankali, sai tawadar ta yi kauri, launinta ya sauya, ta fara toshe alƙalami. Maganin hana fumfuna ƙarfinsa raguwa yake yi da shekaru, kuma kwalbar da aka taɓa tsoma alƙalami a cikinta an riga an shigar mata da baƙi. Shi ya sa wasu kamfanoni, har da Montblanc, suke buga kwanan wata a jikin kwalinsu. Gaskiya ne akwai kwalaben Quink na Parker, tawadar da ta fara fitowa a 1931 kuma iyayenmu suka yi makarantar boko da ita, waɗanda suka shekara hamsin suna rubutu lafiya. Amma wannan sa'a ce ta kwalbar da ta zauna a wuri mai sanyi da duhu, ba alkawari ba ne. Sulalla da tambarin wasiƙa da tsohon takobi ba su da wannan matsala. Tawada ta fi kama da turare: kyanta ba ya bayyana sai an ɓarar da ita, kuma idan aka ƙi ɓarar da ita, lokaci zai yi wannan aikin a madadin mai ita.

Bahaushe ya san tara kaya, ba sai an koya masa ba. Iyayenmu mata sun yi jeren tasoshi da kwanonin sha da samira tun daga ƙasa har rufin ɗaki, ba don a ci abinci a cikinsu ba, sai don ado da ajiyar dukiya, idan ta ɓaci a ɗauki saiti guda a kai wa dillaliya. Atamfar Holan da ke kwance cikin adaka ita ma haka take. Amma a lura da abu biyu. Na farko, waɗannan kaya suna da kasuwa a unguwa: dillaliya ta san kuɗinsu, maƙwabciya ta san su, mai aurar da 'ya tana nemansu. Na biyu, duk da haka, da yayi ya juya zuwa tangaran da kuloli, jeren da aka yi shekaru ana tarawa ya koma kayan da ake rasa inda za a kai. To, ina ga kwalbar tawada, wadda a duk faɗin Wudil masu iya bambanta ta 2016 da ta 2024 ba za su cika benci ɗaya ba? Masu sayenta suna Turai da Amurka da Japan. Kafin ka aika musu, kuɗin jirgi ya cinye ribar, kuma ba wanda zai yarda da kwalbar da ta yi bazara biyar a Kano ba tare da ya gwada ba. Wanda ke neman inda zai sa naira 40,000 ta haihu, ranar Juma'a ya gangara kara, ko bai isa sayen komai ba ya ga yadda dukiya mai kasuwa take. (Af, ga masu son fiƙihu: wanda ya sayi kaya da niyyar jiran tsada ya sayar, a Malikiyya ya zama mai ihtikari, zakkarsa tana kansa ranar da ya sayar idan kuɗin ya kai nisabi. Ban ga alamar masu tara tawada za su kai ga wannan damuwa ba.)

Yanzu ga rabin dalilin da ya fi damuna, wanda kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ƙasar nan tana da nata ilimin tawada, kuma ya girmi duk kamfanonin da na ambata a yadda yake kallon abin. A tsangaya ba a raba tawada da launi ko da shekara. Ana raba ta da aikin da za ta yi. Akwai wadda aka yi don a wanke, akwai wadda aka yi don ta zauna.

Ta farko ita ce tawadar allo. Gawayi ne, wanda almajirai ke kira zuge, a daka shi ya yi laushi, a haɗa da ƙaro da ruwa, a dafa ko a dama har ya kama jiki, a zuba a kurtu. Gawayi ba ya narkewa a ruwa, ƙwayoyinsa yawo kawai suke yi a ciki, ƙaro ne ke riƙe su, shi ne kuma ke manna su a fuskar allo idan ruwan ya bushe. Da yake ƙaro na sake narkewa idan ya ji ruwa, wanki ɗaya ya isa ya ɗauke rubutun gaba ɗaya. Wani zai ɗauka wannan rauni ne, alhali kuwa shi ne ainihin abin da ake so. Yaro zai rubuta, ya biya, ya haddace, ya wanke, ya sake rubuta na gaba, a allo ɗaya shekara da shekaru. Kuma da yake ana shan rubutu, dole kayan haɗin su zama abin da ciki zai karɓa. Wata mai bincike daga Amurka, Michaelle Biddle, wadda ta zagaya ɗakunan ajiyar rubuce-rubucen Arewa ta wallafa nazarinta kan tawadarsu a 2011, ta lura da wannan alaƙa tsakanin kayan tawada da kayan magani. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kawo rubutu a kwanon sha bai buƙaci a gaya masa ba, amma yana da kyau da aka rubuta.

Ta biyu ita ce wadda alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da ita a takarda, wadda ake kira yambari. A nan bagaruwa ce uwar aiki, ita dai bagaruwar da majema ke jima fata da ita. Abin da ke sa baki ya yi bauri idan aka tauna ta, shi ne sinadarin da ake nema. Ana daka ta, a jiƙa ko a tafasa tare da kashin maƙera ko wani ƙarfe, a tace, a sa ƙaro. Idan wannan sinadari ya gamu da ƙarfe, sai su haɗu su ba da launi mai duhu, kuma duhun ƙaruwa yake yi bayan an rubuta, yayin da iska ke shigarsa. Ba a saman takarda yake tsayawa ba, cikin zarenta yake kamawa, shi ya sa ruwa ba ya ɗauke shi kamar yadda yake ɗauke gawayi. Wannan ita ce hikimar da Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da ita, sai dai su daga wani ƙulli da ƙwari ke haddasawa a jikin wata bishiyarsu suke samun sinadarin, mu kuwa daga bagaruwa. A Ingila ma da irin wannan tawada mai ƙarfe aka daɗe ana cika rajistar aure da haihuwa da hannu, kuma shi Diamine ɗin da ke sayar da akwatin Disamba yana cikin masu haɗa ta. Tana da nata aibi: idan ƙarfe ya yi yawa, da shekaru takan ci takarda, har a ga harafi ya huda ya fita. Gwanintar mai haɗawa ita ce sanin inda zai tsaya.

Launuka ma a wannan fage aiki suke yi. A Alƙur'anin hannu na ruwayar Warshu, jikin rubutu baƙi ne, wasulla ja, hamza ɗigo ne rawaya, alifin da ake sadarwa kuma kore. Mai karatu yana gane hukuncin harafi daga launinsa kafin ya furta. Alaramma na zaune da kurtu huɗu da alƙaluman gamba da ya fiƙe da kansa, kowanne da nasa aiki, ba ya haɗa su. Irin wannan hannu ne ya ɗaukaka sunan marigayi Sharif Bala na Gabari a birnin Kano, wanda aka ɗauki hoton rubutunsa aka buga, ya shiga masallatai da makarantu a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Idan launi ake so, ga launi, amma mai dalili.

Shaidar ingancin wannan ilimi tana nan a ajiye. A Arewa House da ke Kaduna, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, da gidajen malamai da ba a ƙidaya ba, akwai takardun da aka rubuta tun zamanin Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, da na 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Da yawansu a kan takardar nan ce mai tambarin jinjirin wata uku da fatake ke kawowa daga Italiya ta Tarabulus da Masar. Gara ta ci wasu, ruwa ya taɓa wasu, gefuna sun karkarye, amma inda takarda ta tsira, rubutu na nan ana karantawa bayan shekara 200 a cikin wannan zafi namu, ba na'urar sanyaya ɗaki.

A gwada tawadar yayi da wannan ma'auni. Gwajin ba shi da wuya: a ja layi da kowace tawada a takarda ɗaya, a rufe rabin takardar da kwali, a manna ta a tagar da rana ke bugawa, a dawo bayan wata biyu. Rinin da ke ba da shunayya da ruwan hoda da shuɗi mai haske su ne kan fara kodewa. Gawayi ba ya motsi. A ɗiga ruwa kuma a ga wadda za ta tsaya. Mafi yawan tawadar yayi rini ce zalla, ba a yi ta don ta jure rana ko ruwa ba, kuma masu yin ta ba su yi da'awar haka ba. Saboda haka ta faɗa tsakiya: ba ta wankuwa tas kamar ta allo, ba ta zama kamar yambari. An yi ta ne don ido ya ji daɗi yau.

Ba kuma laifi ba ne ido ya ji daɗi. A nan nake rabuwa da masu cewa abin gaba ɗaya almubazzaranci ne. Mutumin da ke yini yana duba takardun jarrabawa, ko likitan da ke rubutu tun safe har la'asar, idan launin da ke fita daga alƙalaminsa yana sa shi ya ƙara shafi ɗaya a littafin tunaninsa da dare, ko ya rubuta wa ɗansa wasiƙa maimakon saƙon waya, kuɗinsa bai faɗi ba. A teburina akwai kwalba uku: baƙa mai jure ruwa don sa hannu da duk abin da nake so ya daɗe, shuɗiya ta kullum, da guda ɗaya ta marmari wadda nake sauyawa idan ta ƙare. Ta ukun nan wani lokaci ta yayi ce, kuma sanin cewa ba za a sake yin ta ba yana ƙara mata wani ɗanɗano, kamar mangwaron ƙarshen kaka. Masu wannan sha'awa a ƙasashen waje sun ma samo hanya mai sauƙi: suna sayar wa juna 'yan mililita biyu ko uku a ƙaramar roba, mutum ya ɗanɗana launi goma da kuɗin kwalba ɗaya. Abokai huɗu a jami'a ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi kwalba su raba. Wanda kuma ke son abin da zai tara, ya sami littafi mai takarda mai kauri, duk tawadar da ta ratsa hannunsa ya shafa ta a shafi, ya rubuta sunanta da ranar, ya rufe. Launin da ke cikin rufaffen littafi ya fi na cikin kwalba tsawon rai, kuma ba ya zubewa.

Gargaɗi ɗaya, domin na san wani zai yi sha'awar haɗa gida biyun: kada a zuba tawadar allo ko yambari a alƙalami mai shan tawada. Ƙaro zai bushe a cikin siririyar hanyarsa ya toshe ta, garin gawayi kuma ya fi ƙarfinta. Waɗannan na alƙalamin gamba ne da ake tsomawa. Mai son baƙin gawayi a alƙalamin zamani ya nemi wadda aka niƙa musamman don haka, irin Carbon Black ta kamfanin Platinum na Japan, ya kuma riƙa wanke alƙalamin a kai a kai.

Idan kuwa ƙarancin abu ne ke jan hankalin mutum, to, tawadar da ta fi kowacce ƙaranci a Wudil ba daga Jamus take zuwa ba. Duk tukunyar yambari da alaramma ya dafa, ba za a sake samun irinta sak ba, domin bagaruwar bana ba ta bara ba ce, ƙarfen da aka samu a maƙera dabam, ruwan rijiya dabam da na kogi. Wannan ƙaranci ba wanda ya ƙirƙire shi don talla. Kuma abin da ke ƙarewa a nan ya wuce ruwan da ke cikin kurtu, sanin yadda ake haɗa shi ne. Alƙur'ani bugun inji ya wadata, rinin kanti mai arha ya shigo, har a wasu wuraren ja da koren da ake sa wa wasulla da zayyana daga garin rini na kasuwa ake kaɗa su, waɗanda ba su da juriyar na da. Matashin da ya ga zai sami launi cikin minti biyar ba zai yi kwanaki yana jiran bagaruwa ta jiƙu ba, kuma ba zan zarge shi ba. Amma dattijon da ya san awon, idan ya tafi, ba kamfanin da za a rubuta wa takardar koke a ce ya dawo da ita.

Jami'ar da ke garin nan ta kimiyya ce, tana da sashen nazarin sinadarai, tana da ɗaliban da kowace shekara ke neman abin da za su yi binciken kammala digiri a kai. Tsangayu kuma suna nan a cikin gari da ƙauyukan da ke gefen kogi, tafiyar 'yan mintuna a babur. Abin da ake buƙata bai wuce mutum ya je da ladabi, ya gaida alaramma, ya nemi izini ya zauna ranar da za a dafa, da ma'auni da littafi a hannu. Bagaruwa nawa, ɗanya ko busasshiya, da 'ya'yanta ko an cire? Kashin maƙera ko tsohon ƙarfe? Kwana nawa a jiƙe, wuta nawa, yaushe ake sa ƙaro, kuma na wace bishiya? Da me ake gane ta nuna? A karɓi kaɗan a kwalba, a ja layi a takarda, a rubuta sunan tsangayar da watan da aka dafa. A je tsangaya ta gaba a sake yin tambayoyin, domin amsar da za a samu a can ba za ta zama ɗaya da ta farko ba.